Tsayayyen ɗigo ko lamba bisa lamba: wace hanya manhaja za ta bi da lissafi?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da ke taɓa kuɗi ya ji gargaɗin nan tun yana ɗan koyo: kada ka ajiye kuɗi a lamba mai yawon ɗigo (floating point), wato hanyar da kwamfuta ta saba ajiye lamba mai gutsure, inda ɗigon ba shi da tsayayyen gurbi. Hujjar da ake kafawa guda ce, ta kuma zaga duniya. Buɗe harshen rubuta manhaja irin Python ko JavaScript ka tara 0.1 da 0.2, amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Gargaɗin gaskiya ne. Ma'aunin ajiye irin waɗannan lambobi, mai suna IEEE 754, wanda aka kafa a 1985 kuma kusan kowace kwamfuta ke bi a yau, a tushen biyu yake ajiye lamba, wato da 0 da 1 kaɗai, ɗaya bisa goma kuwa ba ta da ƙarshe a tushen biyu, yadda sulusi ba shi da ƙarshe a tushen goma. Sai dai gargaɗin abin gudu kawai ya nuna maka. Da zarar ka bar waccan hanyar za ka tarar da wasu biyu a gabanka, kowacce da masu kare ta, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke zaɓa da ka, ba tare da sanin abin da suka saya da abin da suka sayar ba.

Ta farko ita ce tsayayyen ɗigo. Tun farko za ka zaɓi ƙaramin ma'auni guda, ka ce da shi zan ƙirga komai, abin da bai kai shi ba kuwa ban san da zamansa ba. A kuɗin Najeriya wannan ma'aunin kwabo ne. Naira 1,250 da kwabo 75 sai ta zama 125075 a cikin kwamfuta, cikakkiyar lamba, ba ɗigo ba gutsure. Ɗigon yana cikin kan mai rubuta manhajar ne, shi ya san idan za a nuna wa mutum lambar sai an dasa shi gurbi biyu daga dama. Da kwabo kamfanin biyan kuɗi na Paystack ke karɓar adadi daga manhajojin da ke hulɗa da shi, da santi takwaransa Stripe ke ƙirga dala, Bitcoin ma a can ƙarƙashi satoshi yake ƙirgawa, wato kashi ɗaya cikin miliyan 100. Ba kuma kowane kuɗi ke da gurbi biyu ba. A ma'aunin kuɗaɗen duniya na ISO 4217, sefar da ake kashewa a Nijar ba ta da gurbi ko ɗaya bayan ɗigo, yen na Japan ma haka, dinarin Kuwaiti kuwa gurbi uku gare shi. Mai manhajar tura kuɗi tsakanin Kano da Maraɗi, idan ya kafe a kan cewa kowane kuɗi da 100 ake raba shi, tun ran gini ya yi zanen da zai ba shi wahala.

Ta biyu ita ce lamba bisa lamba, wato cikakken kaso. A nan lambobi biyu ake ajiyewa, ta sama da ta ƙasa. Sulusi 1 ne a sama, 3 a ƙasa, ba a taɓa mayar da shi 0.333 ba. Ka tara, ka ɗebe, ka ninka, ka raba, amsar kullum wani kaso ne cikakke, ko ƙwayar zarra ba ta zube ba. Sulusi sau uku ɗaya ne cif. Harsunan Scheme da Common Lisp da wannan aka haife su, Haskell da Ruby da Julia suna da Rational, Go yana da big.Rat, Python yana da Fraction, masu rubutu da C kuma suna jingina da kayan lissafi mai suna GMP.

Idan aka duba da kyau, hanyoyin biyu 'yan gida ɗaya ne. Tsayayyen ɗigo ma kaso ne, illa dai an ɗaure lambarsa ta ƙasa tun kafin a fara aiki: 100 ga kwabo, 65536 ga tsarin 16.16 da wasan kwamfuta mai suna Doom na 1993 ya yi amfani da shi. Tunda kowa ya san ta, ba a ma ajiye ta. Cikakken kaso kuwa ya sake ta, ta zama duk abin da lissafi ya kai ta. Duk sauran bambancin daga nan ya tsiro. Wanda ya ɗaure lambar ƙasa dole ya riƙa taƙaita amsa duk lokacin da ya ninka ko ya raba, amma ya san girman lambobinsa da lokacin da aikinsa zai ci. Wanda ya sake ta ba ya taƙaita komai a tsakiyar hanya, amma bai san iyakar da lambobinsa za su kumbura ba.

Babu lissafin da ya fi nuna ƙarfin cikakken kaso kamar rabon gado. Kasonnin da suka zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Uku na farko suna da ƙarshe a tushen goma, 0.5 da 0.25 da 0.125. Uku na ƙarshe ba su da shi, domin kaso ba ya ƙarewa a tushen goma sai idan lambarsa ta ƙasa daga 2 da 5 kaɗai aka gina ta. Shi ya sa zakkar kuɗi, ɗaya bisa arba'in, take zama lafiya lau a matsayin 0.025, amma sudusi ba ya zama.

A ce mamaci ya bar 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Jimla ɗaya ce cif, dukiya ta ƙare daidai, babu ragowa babu giɓi. Yanzu a ce mai manhaja ya ajiye kasonnin da gurbi huɗu bayan ɗigo. Idan ya kai kowanne ga lamba mafi kusa, zai tara 0.6667 da 0.1667 da 0.1667 ya sami 1.0001, manhajarsa ta ɗauka kasonni sun fi dukiya yawa, ta buɗe babin auli, wato a rage wa kowa rabonsa daidai gwargwado. Idan kuma datse wutsiyar lambobin ya yi, 0.9998 zai samu, manhajar ta ce akwai ragowar da za a ƙara wa uba a matsayinsa na asaba. Duka biyun kuskure ne, kuma ba na 'yan kwabbai ba ne, domin hukuncin mas'alar kansa ya sauya. Ƙara gurbi daga huɗu zuwa ashirin ba zai warkar da cutar ba. Tambayar da ake yi ita ce, shin jimlar nan ɗaya ce, ko ta fi, ko ta gaza? Irin wannan tambayar cikakken kaso ne kaɗai ke amsa ta ba tare da an ƙirƙiro wani "kusan daidai" ba.

Ga kuma mas'alar da malaman fara'ili ke kira Minbariyya: mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Sumuni da sulusi biyu da sudusi biyu sun tashi 27 bisa 24, sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27. Matar ta sami 3, wato sumuninta ya koma tusu'i, iyaye kowanne 4, 'ya'ya kowacce 8. Idan dukiyar naira miliyan 10 ce, rabon matar naira 1,111,111 ne da kwabo 11. Wanda ya bi ta gurbi huɗu zai sami jimlar 1.1251 a maimakon 1.125, ya raba 0.125 da ita, ya miƙa wa matar naira 1,111,012 da kwabo 35. An ci mata kusan naira 99, ba wanda ya yi niyyar zalunci, kuma da wuya wani a wurin rabon ya lura. Ni a ganina manhajar rabon gado da ba ta riƙe kasonni a matsayin lamba bisa lamba ba, bai kamata a ɗora mata amanar haƙƙin marayu ba.

To me ya hana kowa komawa ga cikakken kaso, a huta?

Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya yi aiki a kan wani harshe mai suna ABC a cibiyar CWI da ke Amsterdam a shekarun 1980. A ABC, idan ka raba cikakkiyar lamba da wata, kaso cikakke ake ba ka. Ya ba da labarin yadda ƙananan manhajoji masu sauƙin aiki suke yin nauyi su riƙa jan ƙafa, idan aka bincika sai a tarar a ɓoye suna fama da kasonni masu dubban alƙaluma sama da ƙasa, alhali a ƙarshe gurbi biyu ko uku kawai za a nuna wa mai amfani. Wannan darasin na cikin abin da ya sa Python bai mai da kaso ya zama tsarinsa na yau da kullum ba, Fraction ma sai a 2008 ta shigo cikin kayan aikinsa, ga wanda ya neme ta da gangan.

Kumburin nan yana da saurin da ba a zato. Tara 1 da rabi da sulusi da rubu'i, ka ci gaba har ɗaya bisa goma, za ka sami 7381 bisa 2520. Kai ashirin, 55835135 bisa 15519504. A talatin lambar ƙasa ta kai alƙaluma 13, wannan kuma bayan an rage kason iyakar raguwarsa. Ragewar ma ba kyauta ba ce: bayan kowane mataki sai an nemo babbar lambar da ke raba ta sama da ta ƙasa, ta hanyar da Yuklid ya rubuta kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aikin kuma yana ƙara tsada gwargwadon tsawon lambobin. Ninkawa ta fi muni. Bashin gida na shekara 30 irin na bankunan Turai, mai ruwa kashi 7 cikin 100 a shekara ana lissafawa wata-wata, yana nufin ninkawa da 1207 bisa 1200 har sau 360. Babu abin da ke raba 1207 da 1200 tare, don haka lambar ƙasa za ta haura alƙaluma 1,100. Masu ilimin gado sun san ɗanɗanon wannan a babin munasakha, inda magaji ke rasuwa kafin a raba dukiya, nasa magadan su shigo, asalin mas'ala ya yi ta ninkuwa. Bambancin shi ne a gado matakan kaɗan ne, a manhaja kuwa madauki guda, wato umarnin da ake ta maimaitawa, na iya juyawa sau miliyan.

Akwai wani abu a misalin bashin nan da ya fi nauyin lissafi muhimmanci. Amsar cikakken kaso ba ita ce amsar da littafin banki zai nuna ba. Banki yana rubuta ruwan kowane wata a cikakkun santi, wata mai zuwa kuma a kan abin da aka rubuta za a ɗora. Taƙaitawar wata-wata tana cikin yarjejeniyar. Wanda ya riƙe kasonsa cikakke har wata na 360 zai zo da lambar da ta fi tsarki a ilimin lissafi, amma ta saɓa da ta mai binciken kuɗi, kuma ta mai binciken ce za a karɓa.

Sannan cikakken kaso yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2 ba kaso ba ce, pi ma ba kaso ba ne. Manhajar da ke fitar da alƙibla ko lokutan salla ko nisan gari da gari a doron ƙasa da kusurwoyi take aiki, kuma a can lamba mai yawon ɗigo ce daidai da aikin. Rumbun bayanai ma bai saba da kaso ba. PostgreSQL zai ajiye maka NUMERIC ya tara maka miliyoyin layuka nan take, amma idan ka raba kaso gida biyu, sama da ƙasa, tarawa da jerawa duk sun dawo wuyanka. Wasu kuma suna tsare lambar sama da ta ƙasa a bit 64, wato gurbi 64 na 0 da 1, don gudun kumburi, sai su gamu da tumbatsa, tunda tara kaso biyu yana buƙatar ninka lambobinsu na ƙasa. Julia tana tsayar da aiki ta yi ƙorafi idan hakan ta faru. Harshen Raku kuwa, idan lambar ƙasa ta wuce bit 64, sai ya sulale ya koma ɗigo mai yawo.

Kada wannan ya sa a ɗauka tsayayyen ɗigo tudun mun tsira ne. Biyu daga cikin kura-kuran lissafin kwamfuta da aka fi ambato nasa ne.

Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, makamin kariya na Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ya kasa tare makami mai linzami samfurin Scud da Iraƙi ta harbo. Ya faɗa kan barikin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da ushirin daƙiƙa, a cikakkiyar lamba, wannan ɓangaren ba shi da aibi. Wurin mayar da ƙirgar zuwa daƙiƙoƙi ne ake ninka ta da 0.1 da aka datse don ta shiga ma'ajiyar bit 24 mai tsayayyen ɗigo na tushen biyu. Abin da ya zube a datsewar bai kai kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa ba. Amma na'urar ta shafe kimanin awa 100 a kunne, wato ƙirga miliyan 3.6, kuskuren ya taru ya kai daƙiƙa 0.34. A wannan ɗan lokacin Scud yana cin fiye da rabin kilomita, sai na'urar ta nemi makamin a inda ba ya nan. Abin lura ga mai manhaja shi ne tsayayyen ɗigo iri biyu ne, na tushen goma irin na kwabo da na tushen biyu irin na ƙananan na'urori, kuma na biyun bai iya riƙe ɗaya bisa goma ba, daidai da ɗigo mai yawo.

Ɗayan kuskuren a kasuwar hannun jari ta Vancouver da ke Kanada ya auku. A Janairun 1982 aka buɗe sabon ma'aunin kasuwar a kan 1000. Duk lokacin da aka yi ciniki sai a sake lissafa shi daga tsohuwar lambar, kusan sau 3,000 a rana, kowane karo kuma a datse shi a gurbi uku maimakon a kai shi ga mafi kusa. Datsewa ƙasa kawai take ja, ba ta taɓa ramawa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811. Da aka sake lissafi yadda ya kamata, sai ga shi 1098.892. Kusan shekara biyu kasuwar na hawa, allonta na cewa ta faɗi da rabi. Irin wannan karkatar ce ta sa ake son ƙa'idar kai rabi ga lamba mai rabuwa biyu, inda 2.5 ke komawa 2, 3.5 kuma ta koma 4, don hawa da sauka su riƙa goge juna.

Sauran tarkunan tsayayyen ɗigo ƙanana ne, amma kullum ana faɗa musu. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin 100. Kaya na naira 99.99 kwabo 9999 ne. Ninka da 75 sannan ka raba da 1000, ka sami 749 da gutsure. Fara rabawa kafin ninkawa, cikakkiyar lamba za ta yar da gutsuren tun a matakin farko, ka tashi da 675. Haka nan girman ma'ajiya. Lamba mai bit 32 tana tsayawa a 2,147,483,647, wanda a kwabo naira miliyan 21 ne da dubu ɗari huɗu da 'yan kai, kuɗin da bai kai na wani fili ba a Abuja. JavaScript yana riƙe cikakkun lambobi daidai har kusan naira tiriliyan 90 idan da kwabo ake ƙirgawa, kasafin kuɗin tarayya na 2025 kuwa tiriliyan 54.99 ne, tazarar ba ta da faɗin da ake zato. Bit 64 ya wadatar wurin ajiya, amma amsar tsakiya ta ninkawa tana iya tumbatsa shi kafin a kai ga rabawa. Lamba mai alamar ɗebewa ma tana da nata: a rabon cikakkun lambobi, raba -7 da 2 a C ya ba ka -3, a Python ya ba ka -4. Ranar da aka zo mayar wa mai saye kuɗinsa, wannan bambancin zai fito.

A nan ya kamata a raba tsakanin tsayayyen ɗigo da Decimal na Python ko BigDecimal na Java, domin ana yawan haɗa su. Waɗannan a tushen goma suke aiki, don haka 0.1 ba ta ba su wahala, amma sulusi ya fi ƙarfinsu. A Python, ɗaya bisa uku sau uku da Decimal ba ɗaya ba ne, lambar 9 ce guda 28 bayan ɗigo. Java kuwa, idan ka ce BigDecimal ya raba 1 da 3 ba ka faɗi yadda za a taƙaita ba, ƙin yi yake, ya jefo maka kuskure. Wannan halin na Java yana burge ni ƙwarai, domin ya dawo da shawarar hannun wanda ya kamata ya yanke ta. A kula kuma da ƙofar shiga: Fraction(0.1) a Python ba ɗaya bisa goma take bayarwa ba, 3602879701896397 bisa 36028797018963968 take bayarwa, saboda lambar ta riga ta gurɓata kafin ta iso. A matsayin rubutu ake miƙa ta, wato "0.1", ko a ba da 1 da 10 daban-daban.

Akwai wata dabara a tsakanin hanyoyin biyu wadda ba a cika koyar da ita ba, alhali sau da yawa ita ce mafita. Idan ka san duk lambobin ƙasa da aikinka zai haɗu da su, zaɓi ma'aunin da dukkansu ke raba shi ba saura. Abin da malaman fara'ili ke yi ke nan idan suka fitar da asalin mas'ala, 6 ko 12 ko 24, kowane kaso ya koma cikakkiyar lamba. Tsohon kuɗinmu ma yana da wannan siffar. Kafin naira ta zo a Janairun 1973, fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wato kwabo 240, lambar da 2, 3, 4, 5, 6 da 8 duk suke rabawa. Sulusin fam sule shida ne da kwabo takwas, ba saura. Sulusin naira kuwa har gobe ba shi da amsa a kwabo. Injiniyoyin Facebook sun bi wannan tafarkin a 2018 da suka fito da ma'aunin lokaci mai suna flick, kashi ɗaya cikin 705,600,000 na daƙiƙa, wanda aka zaɓa don hoto 24 ko 25 ko 30 ko 60 a daƙiƙa, da sautin 44,100 ko 48,000, duk su faɗa a cikakkun lambobi. Har saurin hoton talabijin ɗin Amurka, wanda ake kira 29.97 alhali asalinsa 30000 bisa 1001 ne, yana shiga daidai. FFmpeg, kayan sarrafa bidiyo da sauti, shi kuma ya zaɓi ya riƙe irin waɗannan a matsayin kaso, da abin da ya kira AVRational, kuma hakan bai yi masa nauyi ba, domin kason ma'auni ne da ake ninka ƙirga da shi, ba abin da ake ta tarawa a kansa ba. Mai tace fim da ya ɗauki 29.97 a matsayin 30, bayan awa ɗaya murya da leɓe za su rabu da daƙiƙa 3.6.

Inda ake buƙatar aiki ya ƙare cikin ƙayyadadden lokaci, ko na'urar ƙarama ce irin Cortex-M0 da ba ta da sashen lissafin ɗigo mai yawo, babu dogon zance, tsayayyen ɗigo ne. Haka inda ake son kowace kwamfuta ta ba da amsa iri ɗaya sak, dalilin da ya sa Donald Knuth ya gina ma'aunin TeX, manhajarsa ta tsara rubutu, a kan cikakkun lambobi.

A harkar kuɗi da rabo kuwa, ra'ayina shi ne a raba aiki tsakanin hanyoyin biyu. Abin da ya riga ya zama kuɗi, wanda ke cikin asusu ko a kan rasidi, a ajiye shi a cikakkun kwabbai. Abin da ake ninka kuɗi da shi, kamar kason gado, kason riba tsakanin abokan kasuwanci, haraji ko farashin canji, a riƙe shi cikakken kaso. A ninka su ba tare da taƙaita komai ba, sannan a taƙaita sau ɗaya, a wurin da amsar za ta zama kuɗin da wani zai karɓa. Tarayyar Turai ta yi wani abu mai kama da haka a dokarta ta 1997 kan komawa yuro: farashin canji alƙaluma shida ne, ba a taƙaita shi, ba a kuma juya shi a ninka da kishiyarsa, rabawa ake yi da shi. Hikimar ta shafi sefa, wadda aka ɗaure a kan 655.957 ga yuro ɗaya. Raba sefa miliyan 100 da wannan lambar, yuro 152,449.02 ne. Ninka ta da 0.001524, yuro 49 sun salwanta.

Ko da an bi duk wannan, akwai ragowar da lissafi ba zai share ba. A rabon naira miliyan 10 na ɗazu, idan kowa ya karɓi cikakkun kwabbansa, jimlar 999,999,999 ce, kwabo ɗaya ya yi saura. Sananniyar hanya ita ce a ba wanda gutsurensa ya fi girma, to amma a nan 'ya'yan biyu ne suka fi, kuma nasu daidai yake da juna. Manhaja ba ta da hurumin fifita ɗaya a ɓoye. Ta nuna ragowar a fili, ko ta bi ƙa'idar da masu haƙƙi suka amince da ita. Haka yake a haraji: kaya huɗu na naira 10.10 kowanne, idan aka taƙaita VAT layi-layi kwabo 304 ne, idan a kan jimla aka yi 303 ne. Hukumar haraji da akanta ne za su ce wanne ake bi, mai manhaja tambaya ce tasa. 'Yan Najeriya sun ga girman irin wannan tambayar a zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a sulusi biyu na jihohi, jihohi kuwa 19 ne, sulusi biyunsu 12 da biyu bisa uku. Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano ya sami kashi 19.94 cikin 100. Obafemi Awolowo ya ce a cike lambar ta zama 13, ɓangaren Shagari ya ce a bar kason yadda yake. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Satumban shekarar, ta tabbatar da zaɓen Shagari.

Saboda haka ƙa'idar taƙaitawa wuri guda ya kamata ta zauna a cikin manhaja, da suna, kowa ya san inda take, kada ta warwatsu a kowane lungu da aka yi rabawa. A rubuta gwajin da ke tabbatar da cewa duk abin da aka raba, idan aka sake tara shi, ya koma adadin farko kwabo da kwabo, a kuma gwada shi da sifili, da lambar ɗebewa, da adadi mafi girma da ma'ajiyar za ta iya ɗauka. A rumbun bayanai kuma, kusa da kowace amsa a ajiye kason da aka yi amfani da shi da ƙa'idar da aka bi a ranar. VAT kashi 5 ne kafin Fabrairun 2020, kuma rasidin da aka yanka a Janairun shekarar dole ya ci gaba da fitowa da kashi 5 duk ranar da mai binciken kuɗi ya nemi a sake buga shi.